Kuɗin Bariya da Jinin Asawase: Me Ya Hana Gyaran 'Yan Sandan Ghana Kama Ƙasa?

Kawuna ya yi shekaru yana jan motar albasa daga iyakar Paga zuwa Kumasi, kuma abin da ya fi zauna mini a rai cikin shirin tafiyarsa shi ne neman canji. Kafin ya duba mai ko taya, sai ya aiki yaron motarsa ya samo ƙananan takardun sidi, a jera su a aljihun gaba. Bolga, Walewale, Tamale, Buipe, Kintampo, Techiman, Offinso, kowace bariya da rabonta. Mota ta tsaya, yaro ya dira da lasisi, kuɗi na naɗe a ciki, ya dawo da gudu, a buɗe hanya su wuce. Ban taɓa jin Kawu ya kira abin cin hanci ba. Na goro yake cewa, in da asuba ne kuma na koko. Ba kuma daga aljihunsa yake fita ba. Mai kaya ya riga ya sa shi cikin kuɗin mota, dillali ya ɗora a kan buhu a Kwadaso, mai kasawa ta ɗora a kan kashi, har ya iso tukunyar Hajiyar da ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Aboabo. Wanda bai taɓa tsayawa a bariya ba ma yana biya.

Maganar ta wuce hirar teburin mai shayi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, sun bi gida-gida suna tambayar mutane abin da ya same su da kansu a shekarar 2021. Sakamakon ya fito a Yulin 2022. Cikin waɗanda wata buƙata ta haɗa su da ma'aikacin gwamnati, kashi 26.7 cikin ɗari sun ba da hanci ko an nemi su bayar. Cikin waɗanda suka yi hulɗa da ɗan sanda kuwa, kashi 53.2 ne, wato fiye da rabi. Jami'an shige da fice na biye da 37.4, kwastan da 33.6. An kiyasta kuɗin da ya canza hannu a shekarar ya kai kimanin sidi biliyan 5. A shekarar 2022 kuma binciken Afrobarometer ya nuna kashi 65 cikin ɗari na 'yan Ghana suna ganin yawancin 'yan sanda, ko dukkansu, suna cin hanci.

Hedikwatar 'yan sanda ta mayar da martani da doguwar wasiƙa tana tuhumar hanyar da aka bi wajen binciken. Sun ji ciwo, kuma akwai inda zan ba su gaskiya. Ɗan sanda a titi yake karɓar nasa, rana tsaka, kowa na gani. Binciken da kansa ya nuna ma'aikatan hukumar filaye sun fi kowa karɓar kuɗi mai kauri a karo ɗaya, su kuwa a ɗaki suke, ƙofa a rufe. Amma ma'aikacin filaye ba ya rataye da bindiga, makullin bayan kanta kuma ba ya hannunsa. Abin da ya sa hancin ɗan sanda ya fi ban tsoro ke nan: wanda ya ƙi bayarwa yana iya kwana a tsare.

Idan aka tambayi mutane dalili, amsar farko ita ce albashi. Na daɗe ni ma ina faɗin haka, domin na shiga barikin 'yan sanda na ga mutum da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya. To amma Ghana ta gwada wannan magani. A 2010, da aka kawo sabon tsarin albashi na bai ɗaya, 'yan sanda ne aka fara sakawa, albashinsu ya ninka. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jeremy Foltz da Kweku Opoku-Agyemang, suka ɗauki bayanan tafiye-tafiye sama da 2,000 na manyan motoci tsakanin Ghana da Burkina Faso, irin hanyar da Kawu yake bi, suka kwatanta kafin ƙarin da bayansa. Abin da suka gano ya ba mutane da yawa mamaki. Kuɗin da 'yan sandan Ghana ke karɓa bai ragu ba, ƙaruwa ya yi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, lokacin da suke tsare direba ma ya ƙaru. Ba ina cewa kada a kyautata wa ɗan sanda ba, haƙƙinsa ne. Sai dai an cika masa aljihu ba a ƙara masa tsoron kamu ba, don haka kuɗin da ya ishe shi jiya ya zama raini a yau.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2015 ɗaruruwan matasa suka hallara a makarantun horar da 'yan sanda da akwatunansu da takardun ɗaukar aiki, sai aka ce musu takardun na jabu ne. Sun biya dubban sidi. Abin ya kai ga dakatar da wani kwamishina a hedikwata. Waɗancan an damfare su, amma ai sai kasuwa na ci ɗan damfara ke buɗe shago. Kowa a Zango ya san kalmar furotokol, wato samun aiki ta hannun manya, ya san yadda iyaye ke sayar da fili ko su ci bashi don yaro ya samu shiga. Yaron da ya shiga da bashi a wuya, da lissafi zai fita titi. In kuma wurin da aka tura shi ma sai da aka yi masa hanya, akwai wanda ke jiran nasa kason. Shi ya sa duk lokacin da aka nuna kurtu a bidiyo yana karɓar sidi 10, aka kore shi aka ce an yi gyara, nakan ga an bar jaki ana dukan taiki.

Wata ƙofar kuma doka ce da kanta ke buɗe ta. Dokar hanya ta 2012 ta haramta ɗaukar fasinja don kuɗi a babur da keke mai ƙafa uku. Fiye da shekara 10 okada da pragya suka yi suna cika titi, gwamnati na kallo, 'yan siyasa na neman ƙuri'ar matuƙansu, alhali a takarda a lokacin dukkansu masu laifi ne. Dubban samarinmu da wannan sana'a suke ciyar da gida. Dokar da ba a yi niyyar aiki da ita ba, ba a kuma soke ta ba, ba ta hana komai. Farashi kawai take sakawa, ɗan sanda kuma ya zama mai karɓa.

Akwai wani tarihi da ya kamata mu Hausawan Ghana mu riƙa tunawa, ko da ba daɗi. Tushen wannan runduna da kakanninmu aka kafa shi. Kyaftin John Glover ya tara dakarunsa na Hausawa a Legas, aka kawo su Gold Coast, Ghana ta yau, don yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1873 zuwa 1874, daga nan suka zama ƙashin bayan 'yan sandan mulkin mallaka masu ɗauke da makami. Mutanen ƙasa suka laƙaba musu suna da harshenmu: buga-buga. Aikinsu raka Bature, gadin ma'adinai da hanyar fatauci, da murƙushe duk garin da ya ɗaga kai. Ba don talaka ya kawo kuka aka gina caji ofis ba. Ranar 28 ga Fabrairun 1948, da tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar kokensu, jami'in ɗan sanda Bature, Colin Imray, ya harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. A 1958 E.R.T. Madjitey ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci rundunar. Fuska ta canza, amma fuskantar ba ta canza ba: ido na sama wajen mai mulki, baya na wajen jama'a. An kafa kwamitoci, daga na Kanar Young a 1951 har na Mai Shari'a Archer a 1997, duk da haka babbar dokar da rundunar ke tafiya a kanta ita ce ta 1970.

Bariya kowa na ganinta. Ɓarnar da ta fi ciwo a caji ofis take. Wata Juma'a da yamma aka yi kamen kan mai uwa da wabi a unguwarmu, aka haɗa da ɗan ƙanwata yana dawowa daga wajen ɗinki. Muka je da wani dattijon maƙwabcinmu. Ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, yaronmu ne, tela ne, ga maigidansa nan." Aka ce mana mai binciken ya tashi, sai Litinin. Muna fita wani ya biyo mu ya faɗi abin da za a kawo idan ana so yaro ya kwana a gida. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, uwarsa ba za ta yi barci ba." Muka haɗa muka bayar. Babu rasit, babu tuhuma, babu sunansa a wata takarda da muka gani.

A lokacin na san beli kyauta ne. Na kuma san sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin awa 48 ko a sake shi. Lauya Martin Kpebu ya yi wa talakan ƙasar nan aikin da ya cancanci a sani: a 2016 Kotun Ƙoli ta amince da ƙararsa cewa babu laifin da doka za ta hana kotu duba belinsa, a Disambar 2019 kuma ta yanke cewa awa 48 ɗin nan har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Wannan hukunci kamen Juma'a ya zo kashewa. Amma sanin doka bai amfane ni ba a daren, domin tambayar da ke gabana ita ce wa zan kai wa ƙara, kuma kafin a saurare ni yaron yana ina? Haka mai bin bashi ke sa a tsare wanda yake bi, alhali bashi maganar kotu ce. Haka wanda aka yi wa sata ake ce masa ya kawo kuɗin mai kafin a je duba gidansa.

Wanda ya saba babu mai tambayarsa kan sidi 200, ranar da abin ya kai ga rai ma haka zai zata. Mu a Kumasi mun gani. Ranar 17 ga Yulin 2018, 'yan sanda suka harbe mutum 7 a yankin Manso Nkwanta, suka baje makamai gaban 'yan jarida, suka ce 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da su, kwanaki kaɗan bayan kashe wani ɗan sanda a yankin. Da hotunan suka iso unguwar Asawase a Kumasi, mutane suka gane fuskokin. 'Yan unguwa ne, an san iyayensu da sana'arsu da masallacin da suke salla. Matasa suka tare hanyoyi suka ƙona tayoyi. Da ba a yi wannan hayaniya ba, ban yi tsammanin za a sake buɗe maganar ba, kuma wannan kansa abin baƙin ciki ne. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin alƙalin babbar kotu. A Nuwamban shekarar aka bayyana cewa kwamitin bai ga wata hujja da ke nuna mutanen 'yan fashi ne ko sun yi musayar wuta ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21. Aka ba kowane gida sidi 250,000.

Diyya ta share wani hawaye, ta wanke sunan mamata, ba na raina ta. Amma daga baitulmali ta fito, wato daga harajin iyalan da aka yi wa rashin. Dakatarwa kuma ba hukunci ba ce. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce makaman da aka baje: in ba na mamatan ba ne, daga ina suka fito, wa ya ajiye su, wa ya rubuta sanarwar? A nan cin hanci da kisa suke haɗuwa, domin hannun da ya iya sauya abin da ke cikin takarda don kuɗi shi ne ya iya sauya shi don rufa asiri. Ƙasar nan ta ga ƙunshi 77 na hodar ibilis na jirgin ruwan MV Benjamin sun yi ɓatan dabo a 2006, har aka kafa kwamitin Mai Shari'a Georgina Wood. A Maris na 2022 rundunar da bakinta ta ce akwai jami'anta cikin masu fashin motocin ɗaukar kuɗin banki, irin fashin da aka kashe Kurtu Emmanuel Osei a cikinsa a Jamestown a Yunin 2021. Ɗan sanda mai gaskiya ma ba ya tsira daga ruɓar gidansu.

Da George Akuffo Dampare ya zama Sufeto Janar a Agustan 2021, mutane da yawa sun sa rai, ni ma na sa. An ga 'yan sanda a kan babura a mahaɗar tituna, an ga an kama manya da motocinsu masu jiniya, zaɓukan cike gurbi na Kumawu da Assin North a 2023 sun wuce ba a zubar da jini ba. Akwai kuma abin zargi, kamar kama masu zanga-zanga 49 a Accra a Satumbar 2023. Amma abin da ya fi koya mana darasi shi ne faifan muryar da ya ɓulla a Yulin 2023, inda aka ji manyan jami'ai suna zaune da Bugri Naabu, tsohon shugaban jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin na Jihar Arewa, suna neman a cire shugabansu Dampare saboda ba zai taimaki jam'iyya a zaɓen 2024 ba. Majalisa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Samuel Atta Akyea, aka yi zaman a talabijin. Jami'an nan sun san inda iko yake. Sashe na 202 na kundin tsarin mulki ya ba Shugaban Ƙasa naɗin Sufeto Janar, majalisar kula da 'yan sanda kuma cike take da mutanen da shi ya naɗa. A Maris na 2025 Shugaba Mahama ya sauke Dampare ya naɗa Christian Tetteh Yohuno, wanda shi ne na 6 a kujerar tun daga 2013. Duk gyaran da aka rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya kwashe kayansa tare suke fita. Jami'in da ke neman girma kuma ya gane cewa sanin ɗan siyasa ya fi tsabtar fayil amfani.

In ɗan sanda ya zalunce ka yau, ga inda za ka. Akwai sashen ladabtarwa na cikin gida, PIPS a da, PPSB yanzu. Jami'ansa 'yan sanda ne, ƙarƙashin Sufeto Janar, gobe ana iya tura su aiki tare da wanda suke bincika. Akwai CHRAJ, tana bincike tana ba da shawara, amma ba ta gurfanar da mai laifi. In maganar ta zama ta laifi, 'yan sandan ciki ne za su tattara hujja, a ƙananan kotuna kuma galibi ɗan sanda ne mai gabatar da ƙara. Ko'ina ka juya, kaki ɗaya ne. Shi ya sa ƙungiyoyin farar hula suka daɗe suna neman hukuma mai zaman kanta ta karɓar koke kan 'yan sanda, kwamitin Emile Short da ya binciki rikicin zaɓen Ayawaso West Wuogon na Janairun 2019 ma ya ba da wannan shawara. Gwamnatin da ta karɓi rahoton ta sauka a Janairun 2025 ba ta kafa ta ba.

Kenya ta yi dokar irin wannan hukuma, IPOA, a 2011, Afirka ta Kudu ma tana da tata. Ba su mayar da 'yan sandansu waliyyai ba, har yau ana kashe mutane a titunan Nairobi. Amma a can doka ta wajabta a sanar da hukumar duk mutuwar da ta faru a hannun ɗan sanda, kuma bincikenta ya kai ga yanke wa wani shugaban caji ofis hukuncin kisa a 2019 kan mutumin da ya mutu a tsare. Irin wadda za ta amfane mu ita ce mai masu bincikenta na kanta, mai kuɗin da ba sai ta roƙi minista ba, mai ikon shiga bayan kanta ba sallama, mai ofis a Asawase da Nima da Ashaiman inda tsohuwa za ta yi bayani da Hausa ko Twi a rubuta. In aka kafa ta aka cika da 'yan sanda masu ritaya, suna kawai aka sauya. Kyamarar hanya mai aika tara ta waya ma tana da amfani, don tana raba hannun direba da na ɗan sanda, amma ba ta ganin abin da ke faruwa a ɗakin bincike.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu mutanen Zango muna da al'adar roƙo, kuma asalinta alheri ne: ba a barin ɗan unguwa shi kaɗai a hannun hukuma. Amma mun daina rarrabewa. Yaron da aka zalunta da yaron da ya sari mutum da adda, tawaga ɗaya muke tura musu. A tashi Alhaji, a kira ɗan majalisar unguwa, a buga wa wani babba waya, a haɗa kuɗi, a kashe magana. Wanda aka sara yana kwance a asibitin Komfo Anokye, wanda ya sare shi ya riga shi dawowa gida. Duk ranar da muka yi haka muna koya wa jami'in cewa fayil abin sayarwa ne, kuma mu ne masu saye. Gobe wani mai kuɗi zai sayi fayil ɗin ɗanmu. Haka nan in rai ya ɓaci matasa su far wa caji ofis da duwatsu, washegari maganar ta tashi daga kan wanda aka kashe ta koma kan gilashin da aka fasa, a ƙara manna mana sunan da muke ƙoƙarin gogewa. Da sarakunan Zango da limamai za su yarda cewa duk wanda aka kama za a je masa da lauya, a rubuta sunan jami'i da lambarsa da lokacin kamu, a ƙirga awa 48 a fili, da kuɗin da muke zubarwa a roƙo ya ɗauki lauyoyi ga unguwanni da dama. Ni da na biya a daren Juma'ar nan na san faɗa ya fi aikatawa sauƙi, mutum ɗaya ba zai iya ba. Unguwa za ta iya.

A 2018 ɗan majalisar Asawase, Alhaji Muntaka Mohammed-Mubarak, yana cikin waɗanda suka ƙi yarda da labarin 'yan sanda, suka dage sai an yi bincike mai zaman kansa. A 2025 aka naɗa shi Ministan Cikin Gida, ma'aikatar da rundunar ke ƙarƙashinta, yana kuma da kujera a majalisar kula da 'yan sanda. Yana zuwa gida, ana haɗuwa da shi a jana'iza da ɗaurin aure da sallar Idi, kuma yawancinmu abin da muke kai masa shi ne takardar yaro mai neman shiga aikin kaki. Akwai tambaya biyu da suka fi wannan: ina fayil ɗin jami'ai 21 ya tsaya, kuma yaushe ƙudurin hukumar karɓar koke zai shiga majalisa?